Kunnen Gogen Dogara

Abuja,
Yuni, 1976.

Zuwa ga ƙanwata Lauratu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara, da jikokin da har yanzu ban gama haddace sunayensu ba. Yaya Zariya, yaya ruwa? Mu nan damina ta zauna, ɗakina yana yoyo a inda ya saba. Lafiyarmu ƙalau, in ban da hannuwan Yaya Dogara, waɗanda su ne rabin dalilin rubutun nan.

Sanyin ƙashi ya cinye masa manyan yatsunsa biyu. Kin san goge ba danna shi ake yi ba, taɓa tsagiya kawai ake yi, don haka sauran yatsun suna nan da aikinsu. Ɗauri ne ya gagara. Kafin kiɗa sai an tura ɗaurin fatar nan na wuyan sanda sama da ƙarfin babban yatsa har tsagiyar ta miƙe ta kai inda ake so, kuma da damina tana saki a tsakiyar waƙa, sai an sake turawa. Na gwada tura masa. Ya ce na wuce, na dawo da shi, ya ce ban kai ba. Daga ƙarshe ya karɓe abinsa ya ce kunnen akawu ba ya jin komai sai ƙarar tafireta. Tun babbar salla gogen yana rataye a ɗakinsa, shi kuma yana zaune a zaure yana kallon masu wucewa.

Ɗaya rabin dalilin shi ne Lukuman. Ba lallai ki tuna shi ba, ɗan gidan mahautan bakin kasuwa ne da na koyar a firamare, mai yawan majina. Yanzu shi ne sakataren wani kwamitin al'adu a Minna. Ya zo a farar Fijo, ya durƙusa ya gaishe ni yana kallon agogonsa. Ya ce za a yi babban bikin al'adu a Ikko farkon shekara mai zuwa, kowace jiha za ta kai tsofaffin kayanta, kuma an gaya musu babu gogen da ya kai namu tsufa a ƙasar nan, tunda da shi kakannin Baba suka taho lokacin da aka baro Zazzau. Suna so a ba su. Bayan biki za a sa shi cikin akwatin gilashi a Minna. Ni zan rubuta tarihinsa, ni zan bi shi Ikko in yi wa baƙi bayani da Turanci, in an dawo kuma ni zan riƙe ɗakin da za a ajiye shi. Sharaɗinsu ɗaya ne: kada a taɓa shi, kada a canja masa ko zare, yadda ya fito daga Zazzau suke son sa.

Ba zan ɓoye miki ba, ina so. Tun bara da na ga sunana a jarida cikin waɗanda aka sallama daga aiki, ba wanda ya kira ni ya ce ga laifinka. Na ƙare ƙuruciyata ina koyarwa ina duba makarantu a kan keke, yau waɗanda na koya wa riƙon alli su ne ke tsallaka titi in sun hango ni. A makarantar Midil ana kirana ɗan mai goge, na yi karatu kamar zan mutu don a daina, aka kuwa daina. Yanzu gogen ne kaɗai ya rage da zai sa a sake ba ni kujera a ofis.

Ki kuma duba wannan. Kin san al'adar gidanmu: in mai goge ya rasu, bayan sadakar arba'in sai a yanke tsagiyarsa, gogen ya yi shiru har magajinsa ya je ya roƙo gashin wutsiyar doki da bakinsa ya ɗaura tasa. Haka Yaya ya yi wa Baba. To wa zai yi wa Yaya? 'Ya'yansa maza ɗaya direba ne, ɗaya soja, ba wanda ya taɓa riƙe izgar da ake goga wa tsagiya. Ranar da aka yanke, an yanke ke nan. Gara gilashi da ɓeraye.

Gogen gado ne, kina da haƙƙi a ciki. Yaya bai ce i ba, bai ce a'a ba, ya ce a tambayi Laure. Ki ba direban da ya kawo miki wannan takarda amsa in zai juyo.

Ki gaida maigidan. Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Tanko.

Abuja,
Yuli, 1976.

Lauratu ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Takardarki ta zo, da ƙullin daddawar, mun gode. Yaya ƙafar taki? Ki rage hawan matakala.

Na fahimci amsarki: kin yarda in Yaya ya yarda da bakinsa. Na kuma fahimci dariyar da kika sa yaron da ya rubuta miki ya rubuta. Kin ce wane irin yadda ya fito daga Zazzau, bayan da idonki kika ga Inna tana ɗinke ƙwaryar. Ni ina makarantar kwana a lokacin, ba wanda ya gaya mini. Na karanta wa Yaya wurin, ya yi dariya har ya yi tari, ya ce in ɗauko gogen mu fita rana.

Na girma a gidan nan amma ban taɓa kallon gogen nan da kyau ba sai ran nan. Ɗinkin Inna yana nan a ƙasa, wajen da ke jingina da cinya, ƙananan huda a jere kamar ɗinkin hula, hayaƙi ya mai da shi baƙi. Daga kan jaki ya faɗo a hanyar Maje. Ita kanta ƙwaryar, in ji Yaya, 'yar Maje ce, Kaka ne ya sa ta shekarar fara, bayan gara ta ci ta da. Fata kuwa ba a maganarta, duk 'yan shekaru sai an sake, ta yanzu ta wani guza ce da wani maharbi ya kawo daga Chaza. Ƙarfen da ya fito ta gindi, inda ake maƙala tsagiya, Baba ne ya tsinto shi a wurin aikin hanya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sandar. Yaya ya kama yatsana ya ɗora a kanta, na ji saman a yanke yake, ba zagaye ba. Ya ce lokacin da Baba ya auro Inna, ita Luba zabiya da ake ji har Lambata, muryarta ta fi ta gogen tsayi. In ya ja tsagiyar don ya kamo ta sai gashin ya riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya sa wuƙa ya rage sandar da faɗin yatsa biyu. Kaka ya yi wata bai yi masa magana ba. Tun daga nan gogen gidanmu da muryar Inna ake ɗaure shi. Har gobe in Yaya zai ɗaura, sai ya yi gunjin farkon waƙarta a maƙogwaro, ya bi da tsagiya har su haɗu.

Na ce masa, to me ya rage wanda ya zo daga Zazzau? Ya juya gogen, ya sa ɗan yatsa a ramin da ake yankewa a fata don sauti ya fita, ya ce, “Wannan ramin, Akawu. Shi dai ba mu taɓa canja shi ba. Ka rubuta musu da Turanci.”

Akwai wata magana kuma. Kin san Onwuka kafinta, wanda ke haya a ɗakunan baya, wanda ya tafi lokacin rikici ya dawo bayan yaƙi. Yana da gogen Turawa mai tsirkiya huɗu da yake kaɗawa a cocinsu. Nasu ba a tura ɗauri, 'yan sanduna ne a cikin huda a wuyan, ana murɗawa tsirkiya ta miƙe. Yana tsaye yana jinmu, sai ya ce, “Baba Dogara, ka bari in huda nan kaɗan, in sassaƙa maka ɗaya mai faɗin kai. Ko da tafin hannu sai ka murɗa.” Na ga yadda Yaya ya kalli hannunsa, ya kalli sandar.

Na ce wa Onwuka ranar da ƙarfensa ya taɓa gogen nan, ranar zai nemi wani gida. Ɗinki da ƙarfen gindi ana iya juya su su kalli bango, amma ba a ɓoye sanda da ta fito a wuya. Ya ce, “To Malam, ba faɗa,” ya koma kan aikinsa. Yaya ya miƙo mini gogen ya ce in mayar in rataye.

Zan rubuta tarihin yadda yake, da ɗinkin da yankan da komai, in kai Minna. A ganina ya fi na farkon daɗi.

A gaida kowa da kowa.

Naki,
Tanko.

Abuja,
Satumba, 1976.

Zuwa ga Lauratu,

Ina gaisuwa. Ina fatan kun fara azumi lafiya, Allah ya karɓa. Na ji haihuwar da aka yi a gidan babbar 'yarki, Allah ya raya.

Na je Minna na dawo. Na zauna a benci a ƙofar ofishin Lukuman tun hantsi har aka yi azahar, tare da wani mai sayar da tabarmi da wata mata mai neman aikin shara. Da aka kira ni ya miƙe ya ba ni kujera, wannan kam ya yi. Sannan ya ɗauki jan biro ya fara karanta abin da na rubuta, yana ja yana sokewa, daidai yadda na koya masa.

Ya soke shekarar fara. Ya soke jakin Maje. Ya soke ƙarfen hanya, ya ce ma a zare shi a sa icce kafin a kawo. Da ya zo kan Inna ya soke shafin gaba ɗaya, daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya ce mutanen da za su zo daga ƙasashe tsohon abu suke son gani, ba labarin gyare-gyare ba.

Na gaya masa abin da na sani. Lokacin da muke Kwaleji akwai Baturen da ke koya mana labarin ƙasa, yana da irin gogen Onwuka, ya ce ya girmi kakan kakansa. Wata rana ya nuna mana wuyan, ga layin haɗi nan a fili. Ya ce kusan duk tsofaffin da ake ji da su a ƙasarsu an cire musu wuyan farko an sa mai tsayi, an canja musu tsirkiya, saboda ɗakunan kiɗa sun ƙara girma ana son sauti mai ƙarfi, kuma ba wanda ya ce sun daina zama tsofaffi. Lukuman ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, “Malam, wannan na Turawa ne. Nasu ko an canja tsoho ne. Namu in an canja ya zama na kasuwa.”

Ban yi gardama ba. Na zauna a kan tafiretar ofishinsu na sake buga tarihin yadda yake so, shafi biyu, babu Inna babu Baba, na bar masa. Ya ce salon Turancina ba a samunsa yanzu. Kin ga matsayin da na kai, wannan maganar ta yi mini daɗi har Lambata. Na riga na ba tela farar shadda ya ɗinka mini rigar zuwa Ikko.

Motarmu ta lalace a Lambata, sai washegari da hantsi na iso gida. Na tarar da zaure ba kowa. Na leƙa ɗakin Yaya, yana zaune a tabarma, ya matse gogen tsakanin gwiwoyinsa, ya cije ɗaurin fatar da haƙora yana ja sama. Akwai jini a gemunsa. Haƙori ɗaya yana kan tabarma kusa da ƙaron da yake goga wa izga.

Ashe ina Minna an aiko daga Chaza. Maharbin nan mai kawo masa fatar guza zai aurar da autarsa bayan salla, ya ce Yaya ne ya yi kiɗan bikin uwarta, shi yake so ya yi na 'yar. Yaya ya ce wa ɗan aiken zai zo.

Na kawo masa ruwan gishiri, ya ce azumi yake, ya goge baki da hannun riga. Ya ɗauki haƙorin ya duba, ya jefa ta taga, ya ce, “Kada ka sa wannan a tarihin.”

Na koma ɗakina. Rigar tana rataye a ƙusa, tela ya kawo ta ina hanya. Ta yi kyau.

Ki sa mu a addu'a. A gaida maijego.

Yayanki,
Tanko.

Abuja,
Nuwamba, 1976.

Ƙanwata Lauratu,

Gaisuwa da barka da salla, ko da yake ta yi nisa. Ina fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, ban so in rubuta ba sai komai ya ƙare.

An huda gogen. Ni na je na kira Onwuka. Kada ki ce tausayi ne. Na duba bakin Yaya ne na ga abin da ya rage a ciki ba zai kai shi biki biyu ba, kuma kin san shi, ba zai daina ba.

Onwuka bai tuna mini maganar neman wani gida ba. Ya sassaƙa 'yar sandar da iccen kirya, siririya a gindi, kanta da faɗi kamar ƙaramin ludayi. Ya naɗe wuyan gogen da jiƙaƙƙiyar fata don kada ya tsage. Ana buƙatar mai riƙewa, hannun Yaya ba zai iya ba, don haka ni na matse sandar a gwiwa. A tsakar gida muka yi, bayan la'asar. Ya murɗa abin hudawarsa a hankali, yana tsayawa yana hurawa. Garin da ya fito ja ne, yana warin hayaƙin ɗakin Baba. Yaya ya tara tafi ya tare shi duka, da aka gama ya ɗura shi ta ramin fata cikin ƙwaryar, ya ce kada wani ya ce an rage wani abu.

Aka zura sandar, aka naɗa bakin tsagiyar a kanta. Yaya ya kalle ta ya ce an mai da masa goge akuya mai kunne ɗaya. Tun daga nan kunne muke kiranta. Ya yi gunjin waƙar Inna, ya sa tafin hannu ya murɗa, ya murɗa, ya dawo kaɗan, ya tsaya. Ya goga wa izga ƙaro ya ɗora.

Kin san ni ba na bambance sauti. Abin da zan iya gaya miki shi ne Nwamaka matar Onwuka ta fito daga baya da taɓarya a hannu ta tsaya, masu wucewa suka cika zaure, kuma a tsakiyar waƙar tsagiyar ta saki, ya kai hannu ya murɗa kunnen bai ko tsaya ba. Da ya gama ya ce wa Onwuka, “Inyamuri, da Baba ya san ka da bai yanke sandar ba.” Onwuka ya ce da Baba ya san shi da ya biya shi, ba kamar 'ya'yansa ba.

Ya je Chaza ya yi bikin. Ya dawo da zakara da ƙullin doya, muryarsa a dashe.

Lukuman ya zo makon da ya wuce da akwati na musamman, an shimfiɗa auduga a ciki. Na fito da gogen na miƙa masa. Ya ga kunnen tun daga nesa. Ya juya shi, ya taɓa, ya ce, “Malam, kun kashe shi.” Yaya ya karɓa, ya ja izga sau biyu, ya ce, “Ga gawar tana gaishe ka.” Lukuman bai yi dariya ba. Ya ce da ni ya ɗauka mai ilmi irina zai fahimci darajar abu. Na ce ni ma haka na ɗauka. Ya ɗauki akwatinsa, bai sha ruwan da aka kawo ba.

Don haka babu Ikko, babu ɗakin gilashi, babu kujera. Na ninke rigar na sa a akwati da kanumfari. Ba na nadama, amma kada ki ɗauka ina farin ciki. Na koma zaure, sai dai yanzu ni ke kallon masu wucewa, Yaya yana ciki yana kiɗa.

Ki gaida maigidan da yara.

Tanko.

Abuja,
Maris, 1977.

Lauratu,

Gaisuwa. Ina fatan kina lafiya. Gajeriyar takarda ce, direban yana jira.

Na sa miki wani yankin jarida a ciki, ki sa a karanta miki. Hoton wani goge ne baƙi ƙirin a cikin gilashi a Ikko. Rubutun da ke ƙasa nawa ne, wanda na buga a Minna, daga kalmar farko har ta ƙarshe. Sunan da ke ƙarshensa na Lukuman ne. Gogen kuwa na san inda ya fito, akwai mai haɗa irinsu a kasuwar Lambata, ana rataye su a madafa wata biyu su yi shekara ɗari.

Na nuna wa Yaya. Ya kai hoton kusa da ido, ya tambaya ko an kaɗa shi a can. Na ce ba a buɗe gilashin. Ya ce to babu laifi, ba wanda zai ji ƙaryar.

Na rubuta takardar ƙorafi mai shafi huɗu da mafi kyawun Turancina, sannan na rasa wanda zan aika wa da ba ɗalibina ba ne. Tana nan. Tarihin farko, wanda aka soke da jan biro, shi na sake kwafewa da Hausa, na mayar da Inna wurinta, na ƙara layi ɗaya a ƙarshe a kan Onwuka da kunnen. In kin zo zan karanta miki ki gyara abin da na kuskure.

Yaya yana gaishe ki. An sake gayyatarsa Maje.

Naki,
Tanko.

Suleja,
Afrilu, 1979.

Zuwa ga ƙanwata Lauratu,

Bayan gaisuwa, yaya ƙarin haƙurinmu? Ina fatan kin huce gajiyar hanya, ƙafar kuma ta sauka. Allah ya jiƙan Yaya, ya haɗa shi da Baba da Inna a inuwa ɗaya. Kada ki yi mamakin sunan da ke saman takardar, haka aka ce mu riƙa rubutawa yanzu tunda an ba sabon birni tsohon sunanmu. Gidan dai yana inda kika bar shi.

An yi sadakar arba'in ranar Juma'a. Ɗansa direban ya zo, sojan ya aiko da waya. Mutanen Chaza da Maje sun cika ƙofar gida, har da amaryar nan da ya yi wa kiɗa, da goyonta. Da aka watse, tsofaffin unguwa biyu suka tsaya, suka ce saura yankan tsagiya. Suka kalli ɗan Yaya, ya ce shi bai san komai a kai ba, a ba Baba Tanko. Aka ba ni aska.

Na shiga ɗakin na sauke gogen. Tsagiyar tana nan a miƙe yadda ya bar ta, da farin ƙaro a inda izga ke bi, kunnen ya yi sheƙi saboda tafin hannunsa. Na ɗora askar. Sai na yi tunani, Laure, su Kaka yankewa suke yi don ba su da wata hanya. Ɗaurin da mutum ya yi shekaru yana turawa ba ya kwantuwa. Abin da ake so gogen ya yi shiru.

Na ajiye askar na murɗa kunnen baya. Tsagiyar ta saki ta kwanta a kan fata. Na ja izga, ba ta ce komai ba. Na fito na nuna wa tsofaffin. Ɗaya ya ce ba haka aka saba ba. Ɗayan ya taɓa ya ji ba sauti, ya ce ai ya yi shiru. Suka yi addu'a suka tafi.

Ban yi niyyar wuce nan ba. Amma shekaranjiya da hantsi, ba kowa a gidan, na sake sauke shi na murɗa gaba. Ya yi ƙara kamar ƙofar langa-langa. Onwuka ya leƙo ta katanga ya ce, “Malam, akuyar wa ake yankawa?” Ya nuna mini yadda ake riƙe izga, ya ce yatsuna ba su da laifi, tafireta ta gyara su. Amma inda ake tsayar da kunnen bai sani ba, ya ce nasu daban ne. Ni ma ban sani ba. Na gwada gunjin waƙar Inna, abin da ya fito ba waƙar kowa ba ce.

Yaya ya sha faɗa cewa ke kika ɗauko muryarta, har in kina daka kina rerawa akan ɗauka ita ce. Na san kin daina tun da kika yi aure, na san kin je Makka, na san abin da za ki ce. Ba a gaban mutane ba ne. Ni da ke ne a ɗakin Yaya, sai Onwuka ta bayan katanga, shi kuma ba ya kai gulma masallaci. Baiti ɗaya ya isa. Ki ɗaga murya ki riƙe, ni in murɗa har ki ce ya kai. Zan sa alama da wuƙa a wurin, wannan ma ya shiga tarihin.

Ki zo kafin ruwa ya sauka, don da damina tsagiya ba ta zama. Na gyara miki ɗakin Inna. Farar shaddar nan kuma har yanzu ban sa ta ba, ita zan sa in tare ki a tasha.

Ki gaida maigidan, ki ce ina roƙon aron matarsa na mako guda.

Yayanki mai jira,
Tanko ɗan mai goge.